Darasi na Bakwai: Zaɓen Firintar Wanke Hoto a Gida

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya bambanta na'urorin da ake wanke hoto da su a gida, ya iya lissafa abin da hoto ɗaya zai ci masa, ya kuma san lokacin da sayen firinta ya dace da lokacin da haƙura da ita ya fi.

Tambayar da ta kamata a fara yi

Yawancin masu neman firinta, da sun shiga shago, tambaya biyu ce a bakinsu: nawa ce, kuma wacce ta fi fitar da hoto raɗau? Tambayoyin ba su da laifi, sai dai sun zo da wuri. Firintocin hoto da kamfanoni irin su Epson da Canon da HP ke ƙerawa a yau, duk cikinsu babu wadda ba za ta fitar da hoton da ido zai yarda da shi ba, muddin an ba ta takarda mai kyau. Inda suka sha bamban shi ne abin da za su riƙa ci bayan an kai su gida, da irin kulawar da suke bukata. Firinta tamkar doki ce: kuɗin saye sau ɗaya ake biya, harawa kuwa kullum ce, ko an hau ko ba a hau ba. Saboda haka magana ɗaya wannan darasi zai tsaya a kai, wato mai saye ya fara auna kansa kafin ya auna na'ura. Hoto nawa yake wankewa a wata? A kai a kai yake yi, ko sai an yi suna ko biki ko salla? Ƙananan hotuna yake so na albam, ko manya na ratayewa a bango? Amsar waɗannan tambayoyi ce ta kamata ta zaɓa masa na'ura, farashi da sunan kamfani su biyo baya.

Yadda na'urorin suke aiki

Iri na farko, wanda ya fi yawa a gidaje da shaguna, shi ne firinta mai fesa tawada. A cikinta akwai wani ɓangare da ake kira kai, mai ɗauke da ɗaruruwan ramuka waɗanda ba su kai kaurin gashi ba. Kan yana kai da komo a saman takarda yana feso ɗigon tawada, ɗigo kusa da ɗigo, har hoto ya haɗu. Canon da HP da zafi suke tunkuɗo ɗigon, Epson kuwa da wani ɗan ƙanƙanin abu da ke lanƙwasa idan wutar lantarki ta ratsa shi. Dabarar ta daɗe: HP ta fito da ThinkJet a 1984, Epson kuma ta fito da Stylus Color a 1994, na'urar da ta sa mutane suka fara yarda cewa ana iya wanke hoto mai launi a kan tebur. Amfanin wannan iri shi ne yana karɓar takarda kala-kala, tun daga girman fasfo har A4, wasu ma har A3. Rauninsa kuwa a ramukan nan yake. Tawada ruwa ce, in ta daɗe a bakin rami ba motsi sai ta bushe ta toshe shi, hoto ya fito da layi-layi.

Iri na biyu ba ya amfani da tawadar ruwa sam. Fitaccen misalinsa shi ne Canon Selphy, irin su CP1300 da CP1500. Launin yana shimfiɗe ne a jikin wata siririyar leda da ke naɗe cikin kaset, zafi ne ke ɗago shi ya dasa a takarda. Takardar tana shiga ta fita sau huɗu: a sa rawaya, a sa ja mai ruwan hoda, a sa shuɗi, sannan a lulluɓe hoton da wani fallen kariya da ke tare ruwa da shatin yatsa. Cikin kamar minti ɗaya hoton ya fito a bushe. Da yake babu ruwan da zai daskare, ana iya ajiye na'urar wata da watanni a ɗauko ta ta ci gaba da aiki. Amma iyakarta girman katin gaisuwa, kusan inci 4 da inci 6, kuma ba ta buga wasiƙa ko takardar makaranta.

Akwai kuma 'yan ƙanana na aljihu, irin su HP Sprocket, masu fitar da hoto inci 2 da inci 3 a kan takardar da launi ke cikin jikinta. Na nishaɗi ne, takardarsu da tsada, launinsu bai kai na sauran ba. Ita kuwa firintar leza ta ofis, mai aiki da garin tona, gwana ce wajen rubutu, amma ba don hoto aka yi ta ba. Kada ma a kuskura a saka mata takardar hoto ta firinta mai fesa tawada, domin zafin cikinta na iya narkar da rufin takardar ya lalata na'urar.

Inda kuɗin yake tafiya

Firinta mai fesa tawada ta kasu biyu, kuma a nan ne aka fi yin asara. Akwai mai katirij, akwai mai tanki. Mai katirij ita ce mai araha a kanti, kuma arahar da gangan ce: kamfani yana sayar da na'urar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya jira ribarsa a wajen tawada. Katirij 'yan mililita kaɗan yake ɗauka, wanda ake haɗowa da sabuwar na'ura ma sau da yawa bai kai na saye cika ba. A ƙananan na'urori launi uku a katirij ɗaya suke, in shuɗi ya ƙare sai a yar da shi duka, ko da sauran rawaya da ja a ciki. Hoto kuwa ba kamar wasiƙa ba ne, takardar gaba ɗaya yake shafewa da tawada, don haka katirij ba ya jimawa. Mai tanki ta fi tsada ranar saye, amma da kwalba ake ɗura mata tawada, kuma kwalbar Epson L805, alal misali, mililita 70 ce kowane launi. Epson ta fara sayar da irin wannan na'ura a Indunusiya a 2010, a lokacin da masu firinta a can suka riga suka saba liƙa wa na'urorinsu tankunan waje don gudun tsadar katirij. Daga baya Canon da HP suka bi sahu.

Jin haka sai mutum ya ce ai magana ta ƙare, kowa ya sayi mai tanki. Ba haka ba ne, domin akwai abin da lissafin kwalba ba ya nunawa. Kowace firinta mai fesa tawada tana wanke kanta da tawadar da aka saya, musamman in an kunna ta bayan ta daɗe a kashe. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta yi gwaji a 2013, inda ta riƙa buga takarda kaɗan-kaɗan ana hutawa, kamar yadda ake yi a gida, ta tarar a wasu na'urori rabin tawadar ko fiye ba ya isa takarda. Wadda aka yi wankin da ita tana taruwa a wani soso da ke cikin na'urar, in lissafin na'urar ya nuna ya cika sai ta tsaya cak har a canja shi. Ke nan mai buga hoto jefi-jefi ya fi kowa biyan kuɗin tawadar da bai ci moriyarta ba, kuma shi ne ya fi fuskantar toshewar kai. A na'urorin Epson kan a jikin na'ura yake, canja shi aiki ne mai tsada.

Hanyar da za a gane gaskiyar farashi ita ce a raba kuɗin na'ura da yawan hotunan da za a wanke a tsawon zamanta, sannan a ɗora kuɗin takarda da tawada na hoto ɗaya. Mu ƙaddara, don misali kawai, an sayi na'ura naira 300,000, za ta yi shekara 3. Wanda ke wanke hoto 10 a wata zai yi 360 a wannan tsawon lokaci, kowane hoto ya ɗauki kusan naira 833 daga kuɗin na'urar tun kafin a yi maganar takarda. Wanda ke wanke 300 a wata zai yi 10,800, nasa ya tsaya a kusan naira 28. Na'ura ɗaya ce, farashi ɗaya, amma ga wancan asara ce, ga wannan jari. Lissafin Selphy ya fi sauƙi, domin takarda da kaset tare ake sayar da su: kwalin KP-108IN hoto 108 yake fitarwa daidai, sai a raba kuɗinsa gida 108. Hoto ɗaya a nan ya fi na mai tanki tsada, amma babu abin da ke zurarewa in tana ajiye.

Wani zai ce, “Ni abin da ke hannuna bai wuce kuɗin mai katirij ba, in zauna haka nan?” Uzurinsa abin dubawa ne, kuma mai katirij tana da ranarta. A ƙananan na'urorin Canon da HP kan yana jikin katirij ɗin, saboda haka in ya toshe, sayen sabon katirij ya magance matsalar. Ga gidan da wasiƙa da takardun yara ne yawan aikinsa, hoto sai nadiran, wannan ta wadatar. Amma wanda hoto ne burinsa, ya tambayi kuɗin katirij biyu, baƙi da mai launi, kafin ya biya kuɗin na'ura. Sau da yawa zai ga sayen katirij 'yan lokuta kaɗan ya kamo kuɗin na'urar kanta. In haka ne, ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin wadda ta fi, domin araha ba ta ado.

Lambobin jikin kwali

Masu shago sukan nuna wa mai saye lambar da ke gaban haruffan dpi, su ce wadda lambarta ta fi girma ita ta fi kyau. Lambar tana nufin yawan ɗigon da na'ura ke iya jerawa a inci ɗaya. Epson kan rubuta 5760 da 1440, Canon 4800 da 1200, Selphy kuwa 300 kacal, duk da haka hotonta ba ya jin kunya a gaban nasu. Dalili shi ne mai fesa tawada launuka kaɗan gare ta, dole ta tara ɗigo masu yawa kusa da juna kafin ido ya ga launi ɗaya, alhali Selphy tana iya ƙara ko rage ƙarfin launi a kowane ɗigo. Gwada lambobin biyu gwada abubuwa ne da ba jinsinsu ɗaya ba. Abin da ya fi tasiri a mai fesa tawada shi ne yawan launukan tawadar. Ta ofis huɗu gare ta: baƙi, shuɗi, ja mai ruwan hoda da rawaya. Ta hoto, irin L805 da L8050 da ta gaje ta, tana da shida, an ƙara mata shuɗi mai haske da ja mai haske. Canon G540 da G640 su ma shida ne, amma ja da ruwan toka aka ƙara musu. A fatar fuska da sararin sama ake ganin amfanin ƙarin, inda launi ke sauyawa a hankali ba tare da ɗigo-ɗigo ya bayyana ba.

Sannan babu firintar da za ta fitar da abin da babu shi a hoton da aka ba ta. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce fiksel 300 ga kowane inci. Hoto mai inci 4 da 6 yana bukatar fiksel 1200 da 1800, wato megafiksel 2 da ɗan ɗori, wanda kusan kowace wayar zamani ta wuce. Cikakken A4 yana bukatar kusan megafiksel 9. Matsalar da aka fi samu daga WhatsApp take: yana matse hoto ya rage masa girma kafin ya aika, in aka wanke shi babba sai ya fito dishi-dishi a ɗora wa firinta laifi. Maganinsa a karɓi hoton daga wayar da ta ɗauka, ko a aiko shi a matsayin fayil. Takarda ma rabin aiki ce. Ta ofis mai nauyin giram 80 tana shan tawada launi ya mutu, ta hoto kuwa takan kai giram 200 zuwa 300, da rufin da ke riƙe ɗigo a inda ya sauka. Firinta matsakaiciya da takarda mai kyau ta fi firinta mai tsada da takardar banza.

Daɗewar hoto da tawadar bayan fage

Tawada iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda launinta ya narke cikin ruwa; tana da ƙyalli a takarda mai sheƙi, amma haske da iska suna koɗar da ita. Akwai kuma wadda launinta ƙananan ƙwayoyi ne da ke zama a saman takarda. Ta fi jure rana da ruwa, ta kuma fi tsada. Yawancin firintocin hoto masu tanki ta rini suke sha. Manyan na ƙwararru ne, irin su Canon PRO-300 mai launi 10, ke amfani da ta ƙwayoyi. Cibiyar Henry Wilhelm da ke jihar Ayowa a Amurka ta yi suna wajen gwada daɗewar hotuna, kuma gwaje-gwajenta sun nuna cewa tawada da takarda tare suke yanke tsawon ran hoto, haske da zafi da laima kuma su ne abokan gabarsa. Don haka hoton da zai zauna a albam tawadar rini ta ishe shi. Wanda za a rataye a falo, a sa shi cikin firem mai gilashi, nesa da inda rana ke faɗowa. Sai mai sayar da manyan hotuna ne kuɗin ta ƙwayoyi zai yi wa rana.

A nan ma akwai mai ja: ga tawada ta cika kasuwa a farashi mai sauƙi, me zai sa a sayi ta kamfani? Gaskiya ne akwai ta wasu masana'antu mai kyau, kuma kamfanonin firinta ba don Allah suke tsoratar da mutane ba; HP ta sha suka a 2016 lokacin da wasu firintocinta suka fara ƙin karɓar katirij ɗin da ba nata ba. Amma a duba abin da ake cinikin a kai. Kwalbar da ba a san asalinta ba tana iya sauya launin fuska, ta koɗe da wuri, ko ta toshe kai, kuma ba za a gane ba sai aikin gama ya gama. Ga takardar sanarwa da za a yar bayan mako guda, babu damuwa. Ga hoton iyaye da ake so jikoki su gani, rangwamen bai kai kasadar ba. Mai tanki ma ta rage ƙarfin wannan gardama, tunda tawadarta ta asali ba ta da tsadar katirij.

Ƙura, wuta da kayan gyara

Wanda ke zaune a ƙasar Hausa yana da ƙarin abin lura. Hunturu yana zuwa da ƙura da bushewar iska, duka biyun kuwa suna gaggauta toshewar kai. Mai firintar tawada ya rufe ta da ƙyalle in ba ta aiki, ya kuma buga ko da shafi ɗaya mai launi duk mako. Selphy ba ta toshewa, amma takardarta tana leƙowa ta baya a kowane zagaye, ƙurar da ta hau ta kuma takan bar tabo a hoto. Batun wuta kuma, mai fesa tawada ba ta da ci, ƙaramar sola ko inbata ta riƙe ta, saɓanin leza mai jan ɗaruruwan wat. Haɗarin yana wajen ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki, domin kan ba zai koma mazauninsa da ke rufe ramukan ba. Saboda haka a haɗa ta da na'urar ajiyar wuta ta UPS, a kuma riƙa kashe ta da maɓallinta, ba daga soket ba. Tsohuwar na'urar da aka shigo da ita daga waje tana bukatar bincike biyu: a duba ko an yi ta don wutar Amurka mai bolt 120, alhali tamu 220 zuwa 230 ce, a kuma tabbatar katirij ɗin da ake sayarwa a nan zai yi mata, domin kamfanoni sukan ware katirij yanki-yanki. Kafin a biya, a sa mai shago ya buga shafin gwajin ramuka a ga ko layukan sun cika. Tambaya ta ƙarshe ita ce ko ana samun tawadarta da takardarta da mai gyaranta a garinku. Na'urar da sai an aika Ikeja ko ƙasar waje kafin a samo mata kaset, zamanta a kabad zai fi aikinta yawa.

Shin sayen ma dole ne?

Hujja mafi ƙarfi a kan duk abin da ya gabata ita ce ta mai cewa a kai wa masu wankin hoto kawai. Sau da yawa shi ke da gaskiya. Shagon wanki yana da manyan injina, yana sayen kaya a sari, asarar takardar da ta lalace ma a kansa take. Wanda hotunansa ba su wuce na salla da biki ba, ko wanda babban hoto ɗaya yake so a shekara, lissafin da muka yi a sama ya riga ya nuna masa hanyar shago. Firintar gida tana da hujja ne a wuri uku: inda shagon wanki ya yi nisa, inda iyali ba sa son hotunansu, musamman na mata, su bi ta hannun baƙo, da inda yawan aiki ya kai a mai da shi sana'a, kamar hoton fasfo da na ɗalibai. Wanda ya sami kansa a ɗaya daga ciki, zaɓinsa ya fito fili. In ƙananan hotuna yake yi jefi-jefi, ya nemi irin Selphy. In yana yi duk mako kuma yana son har A4, ya nemi mai tanki mai launi shida. In manyan hotuna yake sayarwa, ya nemi ta A3, ya kuma sa kuɗin tawadarta cikin farashin da yake yanka wa masu saye.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa firinta mai fesa tawada take cin tawada ko da ba a buga hoto da yawa ba?

2. Bayyana dalilin da ya sa lambar dpi kaɗai ba ta isa a zaɓi firinta da ita ba.

3. Hoto mai inci 5 da inci 7 fiksel nawa da nawa yake bukata, bisa ƙa'idar 300 ga inci?

4. Ka je shago ka tambayo farashin firinta mai tanki, da na kwalin takardar hoto, da abin da masu wanki ke karɓa a kan hoto ɗaya mai inci 4 da 6. Ka lissafa hoto nawa za ka wanke kafin sayen firintar ya fi maka zuwa shago sauƙi, ka kawo lissafin aji a tattauna.